Yi wa leda mazauni kafin ta cinye miki kicin

Ƙanwata, leƙa bayan ƙyauren kicin ɗinki. Akwai wata babbar leda rataye a ƙusa, cikinta cunkushe da 'yan uwanta, ko ba haka ba? Wasu sun zubo ƙasa, wasu sun shige bayan randa, wata iska ta ɗauke ta ta maƙale a kan katanga. Amma ranar da kike neman guda ɗaya mai tsabta da za ki ƙulle wa yaro gyaɗa ya tafi makaranta, sai kin zazzage su duka. Ki shinshina wannan ki ajiye, ki ɗaga waccan ki ga ta huje.

Mu da muke zaune a Jere, bakin babbar hanyar Abuja zuwa Kaduna, leda ba ta yanke mana. Mai tumatir ya ba ki, mai kifi ya ninka miki biyu, ga ta mai burodi, ga ta kemis, ga ta wajen niƙa. Baƙo ya sauka daga jirgin ƙasa ko daga motar Kafanchan, tsarabarsa a leda take. Kafin sati ya zagayo, gida ya tara abin da zai cika bokiti.

Gyaran ba zai ci miki ko sisi ba. Kayan aikin suna gidanki yanzu haka: gorar ruwa ta roba, tsohon wando, gwangwanin madara, jarkar mai da ta ƙare. Abin da leda take buƙata shi ne mazauni mai ƙofar shiga da ƙofar fita, wanda kuma in ya cika ya cika ke nan. Tanadi almakashi, wuƙa, ƙusa biyu da 'yar igiya tun yau da dare. Gobe da safe, bayan yara sun fita, sai aiki.

1. Zazzage su duka a tabarma

Duka nake nufi, har da na cikin durowa da na ƙarƙashin katifa. Zauna ki raba su kashi huɗu.

Kashi na farko, masu tsabta waɗanda busasshen abu kawai suka ɗauko: farar leda, ledar burodi, ledar sukari ko ta shinkafa. Waɗannan su ne za su sake taɓa abinci.

Kashi na biyu, baƙaƙen ledojin cefane. Aikinsu ɗaukar kaya, zuba shara, naɗe takalmi in za a yi tafiya. Baƙar leda yawanci daga tsofaffin robobin da aka narke ake yin ta, don haka kada ki bari ta taɓa abincin da za a ci kai tsaye.

Kashi na uku, manya masu kauri da hannu mai ƙwari, irin na manyan shaguna, da buhuna.

Kashi na huɗu, waɗanda zamansu ya ƙare. Duk ledar da ta ɗauko ɗanyen nama, kaza ko kifi, wadda ta sha manja, wadda ta ji kananzir, taki ko maganin ƙwari, da wadda ta yage. Kada ki ji tausayinsu. Ruwan ɗanyen nama yana ɗauke da ƙwayoyin cuta, kuma wanki da ruwan sanyi ba ya raba leda da su. Guda ɗaya mai ƙarni in ta shiga cikin sauran, duka ta ɓata.

In kina shakkar ko leda ta huje, buɗe ta ki kamo iska, ki murɗe bakin, ki matsa a hankali kusa da kumatunki. In ta saki iska za ki ji.

2. Wanke na wankewa, ki shanya su bushe ƙayau

Ba kowace ce take son wanki ba. Wadda gari ko ƙasar doya ta taɓa, kakkaɓewa ta ishe ta. Wadda ta yi danƙo kuwa, juya cikinta waje, ki tsoma a ruwan omo, ki ɗauraye, ki yarfe.

Shanya ita ce inda mutane suke faɗuwa. Daminarmu a kudancin Kaduna doguwa ce, tun daga Afrilu har Oktoba, ba kamar ta Kano ko Katsina ba. A watan Agusta ko tufafi sai sun kwana biyu a igiya. Ledar da aka naɗe da ɗigon ruwa a ciki, cikin 'yan kwanaki za ta yi wari, ta yi fumfuna, ta kira kyankyaso.

Rataye kowace bakinta na kallon ƙasa, ki maƙale ta da abin maƙale shanya don kada iska ta tafi da ita. Ko ki kifa ta a kan kwalba ko muciya, a baranda inda iska ke bi. Idan bayan ya bushe, sake juya ta cikin ma ya sha iska. Sa yatsa ki taɓa kusurwoyin gindi, can ruwa yake ɓuya.

3. Koyi naɗi, shi ne rabin aikin

Leda iska ce ta cika ta. Ki fitar da iskar, abin da ya cika bokiti zai shiga gwangwani. Naɗi uku nake amfani da su, kowanne da ranarsa.

Na gaggawa shi ne ƙulli. Kama gindin ledar da hannu ɗaya, ki zuge ta da ɗayan har baki ta koma kamar igiya. Ninka biyu, ki yi mata sassauƙan ƙulli guda. Kada ki ja da ƙarfi, don gobe ke za ki kwance. Wannan ya ishi baƙaƙen ledojin yau da kullum.

Na biyu shi ne naɗin sambusa, kuma shi na fi so. Shimfiɗa ledar a kan tebur ko faranti, ki shafe ta da tafin hannu daga gindi zuwa baki. Ninka ta a tsaye gida biyu, ki sake ninkawa, ta koma doguwa siririya, faɗin yatsu uku. Daga gindi, kama kusurwa guda ki kwantar da ita a kan ɗaya gefen. Kin sami kusurwa uku ke nan. Ci gaba da kifawa, dama, hagu, har ki iso wajen hannayen. Sai ki cusa hannayen cikin ɗan aljihun da naɗin ya bari. Ta zama 'yar dunƙule da ba ta warwarewa ko an jefa ta.

Biyar ɗin farko za su ba ki wahala, daga ta shida hannunki ya gane. Koya wa yaran da suka yi wayo. Da yamma ana hira a tsakar gida za su naɗe miki na sati guda, har da gasar wanda nasa ya fi kyau.

Amfanin wannan naɗin shi ne yana shiga aljihu da 'yar jakar hannu. Injiniyan da ya ƙirƙiro wannan leda mai hannu biyu, Sten Gustaf Thulin, ɗan ƙasar Suwidin, wanda kamfaninsu Celloplast ya yi wa ƙirar rajista a 1965, ɗansa ya ba da labarin cewa kullum da naɗaɗɗiyar leda yake yawo a aljihu. A cewar ɗan, tun asali don a yi ta maimaita amfani da ita mahaifinsa ya yi ta. Ke ma jefa biyu a jakarki gobe.

Na uku shi ne naɗin sarƙa, wanda in kin zaro ɗaya sai ta gaba ta leƙo. Zaɓi ledoji goma masu girma ɗaya. Ninka kowace a tsaye gida biyu. Shimfiɗa ta farko, ki lanƙwasa hannayenta su kalli gefe, su fito waje. Ɗora hannayen ta biyu a kan gindin ta farko, hannayen ta uku a kan gindin ta biyu, haka har ƙarshe. Fara naɗewa kamar tabarma daga wajen hannayen ta farko, kina matsewa. Idan kin gama za ki ga hannayen nan sun tsaya a tsakiyar naɗin kamar lagwani. Daga nan ake ja. Riƙe wannan naɗin, za mu sa shi a gwangwani a mataki na shida.

4. Gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi

In abu ɗaya kawai za ki iya yi gobe, yi wannan. Minti goma ne.

Wanke gorar, ki cire takardar jikinta. Yanke gindinta gaba ɗaya da wuƙa, ki daidaita yankan da almakashi. Sannan ki yanke wuyan daga kafaɗa, yadda yatsu uku za su shiga. Bakin gora yadda yake ya yi ƙanƙanta, leda za ta riƙa yagewa wajen fita.

Bakin yanka yana da kaifi. Naɗe shi da tef ɗin masu gyaran lantarki, ko ki danna shi kaɗan a gindin tukunya mai zafi ya lanƙwashe ciki. Yi wannan a waje, kuma taɓawa ɗaya ta isa, ba narkarwa za ki yi ba.

Ɗumama ƙusa a wuta, ki riƙe ta da tsumma mai kauri, ki huda rami biyu kusa da babban bakin. Zura igiya ko waya, ki rataye gorar a kife. Ta sama ake cusawa, ta ƙasa ake zarowa.

Kin ga hikimar ƙofa biyu? Wadda ta fara shiga ita take fara fita. A tsohuwar ledarki ta bayan ƙyaure, na sama kawai ake ɗauka, na ƙasa suna nan shekara guda har su fara marmashewa. Ga shi kuma gora tana nuna cikinta, da kallo ɗaya kin san abin da ya rage.

Yi biyu, ɗaya ta farare, ɗaya ta baƙaƙe. Ɗaura wa ta fararen jan ƙyalle don yara su gane. Kuma kada ki raina gora. A ƙauyen Yelwa da ke jihar nan tamu ta Kaduna, a 2011, da goruna cike da yashi aka gina gida sukutum.

5. Ƙafar wando ko hannun riga

Wannan ta fi gora ɗaukar kaya, ta fi ta kyau a ido, kuma ita nake ba kowa shawara a damina, domin yadi yana shan iska. Ko an yi kuskure leda mai ɗan danshi ta shiga, za ta ƙarasa bushewa a ciki.

Nemi tsohon wandon jins ko na makaranta da ya mutu a gwiwa ko a mazaunai. Yanke ƙafa ɗaya, tsawon kamu guda. Bakin ƙasa yana da kalmasa tun daga wajen tela. Ɗan farke ta kaɗan, ki sa wa robar wando fil, ki zura ta zagaye, ki ja har bakin ya tsuke ya bar wurin yatsu uku, ki ƙulle.

Bakin sama ki yi masa kalmasa mai faɗi da zare da allura, ki zura zariya. Zariyar ita ce marufi, ita ce kuma maratayi. Shi ke nan.

Ba kya son ɗinki? Hannun tsohuwar rigar sanyi ya riga ya zo da tsukakken baki. Yanke shi daga kafaɗa, ki huda rami biyu a sama, ki zura igiya. Ko allura ba ki taɓa ba.

In kina son na kwalliya, roƙi telanku ragowar atamfa. Ƙyalle mai tsawon kamu ɗaya da faɗin kamu ɗaya ya isa. A haɗe gefe da gefe ya zama kamar bututu, roba a ƙasa, zariya a sama. Na ga an sa irin wannan cikin kayan kicin ɗin amarya, launinsa ɗaya da labule, kuma ya yi kyau ƙwarai. Wadda take da keken ɗinki a gida, ga ƙaramar sana'a nan.

Duk wata ki zazzage, ki wanke yadin, ki mayar.

Kai kuma ƙanena ɗalibi, da kake ɗaki ɗaya a Gidan Waya ko cikin Kafanchan, ba ka buƙatar duk wannan. Safa ɗaya da ta rasa 'yar uwarta ta ishe ka. Yanke kan yatsun kaɗan, ka cusa ledoji ta sama, ka rataye a ƙusar bayan ƙofa. Mai babur ma ya sa irinta a ƙarƙashin kujera. Ranar da ruwa ya tare ka tsakanin Kagarko da Kwoi, wayarka da takardunka za su sami mafaka.

6. Gwangwani da robar kastad

Gidan da ɓera ya saba da shi, yadi ba zai yi ba. Ɓera yana yayyaga leda ya yi sheƙa da ita. Nan gwangwani yake da rana.

Ɗauki babban gwangwanin madara ko na Milo. In murfinsa na roba ne, yanka masa alamar giciye a tsakiya, kowane layi tsawon ɗan yatsa. Sa naɗin sarƙar nan a tsaye a ciki, ki zaro hannayen tsakiya ta cikin yankan, ki rufe. Ja ɗaya, ta biyu ta leƙo. In ta ƙi leƙowa, haɗin da kika yi bai shiga juna sosai ba, sai ki ƙara ɗora hannayen ciki a naɗi na gaba.

In murfin na ƙarfe ne, kada ki huda shi, bakin hujin zai yanke ki. Bar shi yadda yake, ki jera naɗin sambusa a ciki. Ajiye shi a kan kanta, ba a ƙasa ba, don gindinsa yana tsatsa da damina.

Robar kastad da bokitin fenti da aka wanke tas su ma suna yin wannan aikin, kuma ba sa tsatsa. Kwalin tishu yana yi, amma a yankinmu ba ya kai ƙarshen damina.

7. Jarka mai taga

Jarkar man gyaɗa ta lita huɗu ko biyar tana da abin da sauran ba su da shi, wato mariƙi. Ta dace da mai shago, mai tuyar ƙosai, da duk wadda take fita da ledoji wajen sana'a.

Wanke maiƙon da ruwan zafi da omo, ki ƙara da toka in ya ƙi fita. Bar ta a buɗe ta kwana. Yanke taga mai faɗin tafin hannu a gefenta na sama, da ƙarama a ƙasa. Naɗe bakunan da tef. Rataye ta ta mariƙin.

Ji wannan da kyau. Yankinmu na manoman citta ne da masara, kuma gidaje da yawa akwai jarkoki da robobin maganin feshi. Kada ki taɓa amfani da su, ko an wanke su sau goma. Dafin yana shiga jikin robar. Haka jarkar fetur, ta kananzir da ta baƙin mai. Abin da ba za ki zuba ruwan sha a ciki ba, kada ki ajiye ledar abinci a ciki.

8. Manya da buhuna

Buhun Bagco, buhun shinkafa, jakar gana-mas-go da manyan ledoji masu kauri ba a cusa su, ninke su ake yi. Kakkaɓe, ki shanya, ki ninka kowanne ya zama kamar littafi. Samu kwalin taliya, ki yanke murfinsa, ki jera su a tsaye kamar takardu a ofis. In kin jibga su a kwance, wanda kike so kullum shi ne na can ƙasa.

Ɗora kwalin a kan benci ko bulo biyu. Ƙasan siminti tana tsattsafo da sanyi, ga gara.

Buhun da ya ɗauko taki ki ware shi daban, kada hatsi ko busasshiyar citta su shiga cikinsa. Wanda ya fara tsufa kuwa, huda gindinsa, ki cika shi da ƙasa da takin gida, ki shuka citta ko barkono a bayan ɗaki.

Mafi ƙwarin cikinsu ki rataye shi a bakin ƙofar fita, kusa da inda kike ajiye mayafi. Shi ne jakar cefanenki daga gobe.

9. Ledar fiya wata

Wannan ita ta fi kowace yawa a tsakar gida, kuma tana da kauri. Jaka ɗaya ledoji ashirin ce. Gidan da ake shan jaka ɗaya a rana, lissafa da kanki abin da yake zubarwa a wata.

Kada ki haɗa su da sauran, don kullum da sauran ruwa a cikinsu. Yanke bakin kowace a miƙe da almakashi, ki yarfe, ki bar ta ta bushe. Samu waya mai kauri, irin ta tsohuwar hangar kaya. Lanƙwasa ƙarshenta na ƙasa, ki riƙa tsire ledojin a jiki ɗaya bayan ɗaya ta kusurwa, ki yi wa saman ƙugiya ki rataye. Waya ɗaya tana ɗaukar masu yawa, kuma iska ba ta iya kwashe su.

Me za ki yi da su? Rainon shuka. Huda gindin sau uku ko huɗu, ki cika da ƙasa mai taki, ki sa irin tumatir, attaruhu, gwanda ko zogale. Jera su a inuwa, ki riƙa yayyafa ruwa. Ranar dashe, tsaga ledar ta gefe, ki ɗauke shukar da ƙasarta. Ledar kuma ki dawo da ita gida, kada ki bar ta a gona. Wadda aka binne a ƙasa tana nan shekara da shekaru, tana tare saiwa, tana hana ruwa ratsawa.

In akwai masu sayen ledar fiya wata a kusa da ku, tambayi 'yan bola jari, su suka san hanya. Busasshiya mai tsabta ta fi saurin karɓuwa. Babbar jakar da take ɗauke da su ashirin ɗin nan kuwa, sa ta a kwandon shara.

10. Inda za ki rataye

Sama da kan yaro. Wannan ba abin sassauci ba ne. Ƙaramin yaro yana sa leda a ka da sunan wasa, ta manne masa a hanci da baki, numfashi ya tsaya cikin ɗan lokaci, kuma ba ya iya ihu. Kada leda ta kwana kusa da shimfiɗar jariri.

Nesa da murhu da risho da tukunyar gas. Nesa da taga mai rana, don rana tana cinye leda ta koma marmashi.

Nesa da bakin dabbobi. Akuya tana bin ƙanshin gishiri da mai, ta haɗiye ledar gaba ɗaya. Cikinta ba ya narkar da ita. Sai ta taru a tumbi ta dunƙule, dabba ta rage ci, ta daina tuƙa sosai, ta yi ta rama alhali cikin a kumbure. Tambayi kowane mahauci abin da yake cirowa daga tumbin awaki da shanu. In kina kiwo, mazaunin leda cikin ɗaki yake, ba a rumfa ba.

Wurin da ya fi shi ne inda kike sauke cefane. In mazaunin yana nesa da inda ake kwance kaya, babu mai tafiya kai masa leda. Kafa ƙusar a nan, ki nuna wa kowa a gidan, har maigida.

11. Kashi na huɗu fa?

Kada ki kunna gawayi da su. Na san leda tana kama wuta da sauri in itace ya jiƙe, amma baƙin hayaƙin nan guba ne, kuma ke da goyon bayanki kuke fara shaƙa. Ajiye totuwar masara, ƙirare da tsohuwar takarda a busasshen wuri, suna yin aikin.

Kada kuma ki zuba tuwo mai zafi ko ki dafa alale a ledar da aka riga aka yi amfani da ita. Ga kwano mai murfi, ga ganye, ga ƙananan gwangwanaye.

Masu ƙarni da masu mai, tattara su cikin leda guda, ki matse, ki ƙulle bakin tam, sannan a kai bola. Yagaggu masu tsabta kuma ki dandanna su cikin gora da sanda har ta cika, ki rufe. Za ki yi mamakin yawan da gora ɗaya take haɗiyewa. Abin da ake gudu shi ne leda ta fita sako-sako, iska ta kai ta lambatu. Can take toshe hanyar ruwa, ruwa ya kwanta sauro ya samu gida, ko ya juyo cikin gidaje. Wadda ta wuce kuma rafi ya ja ta zuwa kogin Gurara.

Toshewar magudanan ruwa ce ta sa Bangaladash ta hana siraran ledoji tun 2002. Ruwanda ta bi a 2008, Kenya a 2017. A nan gida ma Jihar Legas ta fara aiwatar da haramcin marasa kauri a watan Yulin 2025. Wadda ta saba fita da jakarta tun yanzu, ranar da irin wannan doka ta iso Kaduna ba za ta ji komai ba.

12. In ya cika, ya cika

Gora biyu, ƙafar wando ɗaya, kwali ɗaya. Gida mai mutum shida ko bakwai bai buƙaci fiye da haka ba. Idan suka cika, kada ki yanka sabuwar gora. Kwashi rarar masu kyau ki ba mai kayan miya ko mai gawayi na unguwarku. Su da kuɗinsu suke sayen leda, za su karɓa da murna.

Daga nan sai ki rage shigowarta. Ranar kasuwa ɗauki buhun nan na bakin ƙofa, da naɗin sambusa uku ko huɗu, da roba mai murfi ta nama ko kifi, da wata ta niƙa. Albasa, doya, kabeji da lemo ba sa buƙatar leda, kai tsaye za su shiga buhu. Tumatir da attaruhu su shiga wadda kika zo da ita.

Masu kaya hannunsu ya saba, kafin ki yi magana sun yago sabuwa. Don haka tun kina ciniki ki warware taki ki riƙe a hannu. Yana gama awo ki miƙa masa, ki ce, "Bar taka, Malam, zuba mini a nan."